Abin da Na Gani a Cikin Muƙamuƙinki

Gashuwa, Unguwar Bakin Kogi

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sa ƙasar da aka tura ki bautar ƙasa ta karɓe ki, ruwanta da abincinta su zauna miki lafiya a ciki. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Mu nan sai godiyar Allah.

Na ba Malam Goni direba wannan takarda, shi ne zai sauko da shanu kudu, tare da ƙullin bandar kifi da man shanu da mahaifiyarki ta haɗa miki. Kin san halina da waya. Da na ji muryarki sai in ce ya gajiya, ya baƙunta, Allah Ya yi albarka, in miƙa wa uwarki. Maganar da ta fi haka tsawo ba ta fita a bakina ta waya. Shi ya sa na zauna a zaure bayan la'asar na ɗauki biro. Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan uwarki ta ishe ki. Labarin bakinki zan ba ki, domin kina ƙarama abin ya faru, kuma na lura abin da kika riƙe a ciki bai wuce ƙamshin asibiti da rake da na saya miki a tashar Nguru ba, wanda ma aka hana ki sha.

Kin san sana'ata. Tun tsayina bai wuce na maraƙi ba nake buɗe bakin saniya. A kara, idan musu ya tashi a kan shekarun wani sa, ni ake kira. In kama hancinsa, in ja leɓensa na ƙasa, in ce wannan bai kayar ba tukuna, wannan ya kayar da biyu, wannan bakinsa ya cika, wannan kuwa tsufa ya fara cinye masa haƙora. Daga Jakusko har Karasuwa an san ni da haka. To mutumin da aka daɗe ana ce masa ya san haƙori, a hankali sai shi ma ya yarda. Abin da ban lura da shi ba, duk sanina daga dasashi ne zuwa sama. Abin da ke ƙasa ban taɓa ko tambayar kaina ba.

Sai na fara da Dada, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Ba ki riske ta ba. Doguwa ce, siririya, mai murya. Idan ta tsaya a bakin fadama da yamma ta kira shanunmu da sunayensu, za ki ga kowace ta ɗaga kai daga ciyawa ta nufo ta. Ina saurayi wani ɗan tudu ya fito mata a muƙamuƙin dama, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ba ya ciwo. Idan an tambaye ta sai ta yi dariya ta ce, "Goro na ɓoye, don kada ku roƙe ni." Mu ma sai mu yi dariya. Damina ta wuce, wata ta zo, gyaɗa ta zama ƙwan zabo. Aka kira wanzami ya yi ƙaho, aka sha saiwoyi, aka shafa abin shafawa. Kullum abin da muke faɗa guda ne: ai ba ya ciwo. Sai da haƙoranta na wajen suka fara girgiɗi, tuwo ya gagare ta, sannan muka ɗauke ta zuwa Nguru, muka hau jirgin ƙasa zuwa Kano.

A asibitin can aka ɗauki hoton ƙashin. Likitan ya ɗaga shi ya nuna mini, amma a lokacin idona bai san abin da yake kallo ba. Abin da na riƙe kawai, wajen da ya kamata ƙashi ya zama fari sumul ya koma rami-rami kamar saƙar zuma. Ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, sai ya ajiye hoton a hankali ya ce, "Da tun yana ƙarami ne, da aikin ma ƙarami ne." Suka yanke mata kusan rabin muƙamuƙi. Allah Ya yi mata sauran kwana, ta rayu shekaru bayan nan a kan fura da kunu. Amma maganarta ta canza. Ranar da ta fara komawa bakin fadama ta kira shanu, ba wadda ta ɗaga kai. Ta sake kira. Daga nan ta juyo ta ce mini, "Kai ka kira su." Ba ta sake kira ba har ta koma ga Allah.

Uwani, ki riƙe wannan: rashin ciwo ba shi ne lafiya ba. Duk abin da ya fito miki a baki ko a fuska, ya zauna, ya ƙi tafiya, kada ki tsaya jiran ya yi zafi kafin ki kai shi a duba. Wasu abubuwan ba sa sallama, aikinsu suke yi shiru.

Za ki ce wanda ya ga wannan da idonsa ai ya gama koyo. Ni ma haka na zata.

Kina wajen shekara takwas wani haƙorinki na turmi, na yarinta, na ƙasa ta hagu, ya yi kogo. Kin sha kuka da shi. Uwarki ta daka kanumfari ta cusa miki, aka yi ta kurkure da ruwan gishiri. Bayan wani lokaci ciwon ya ɗauke ɗif. Kika koma cin rake da aya kamar ba ke ba. Na buɗe bakinki na duba, na ce da uwarki, "Shi ke nan, ya mutu. Haƙorin yarinta ne, famfara za ta zo ta kawar da shi." Na faɗa da irin muryar da nake yanke hukunci a kara.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya ta Juma'a uwarki tana sa miki kwalli, ta riƙe haɓarki da hannu ɗaya kamar yadda take yi. Ina tsakar gida ina alwala sai na ji ta ce, "Malam, zo ka taɓa nan."

Na ce, "Mene ne?"

Ta ce, "Kai dai zo."

Na zo na dube ki. Fuskarki sumul, ba kumburi, ba komai. Na ce, "Fanna, ni ban ga komai ba."

Ta ce, "Ban ce ka gani ba. Cewa na yi ka taɓa."

Ta kama yatsana ta ɗora a muƙamuƙinki na dama, sannan ta mayar da shi na hagu. Na hagun ya ɗan fi cika, kaɗan ƙwarai, kuma da tauri. Na tambaye ki ko da zafi, kika girgiza kai kina dariya, wai ina yi miki cakulkuli. Uwani, yatsana ya san wannan taurin. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sabon haƙori ne ke turowa. A bar shi mu gani." Tsoro ne ya yi maganar, ba sani ba. Na fi son in zauna ban sani ba da a sake ɗaga mini wani hoto a gaban fitila.

Uwarki ba ta yi musu da ni ba, kin san ba halinta ba ne. Ta gama sa miki kwalli, ta ɗaura miki ɗankwali, sannan ta ce, "Ran Litinin ne sunan ɗan yayana a Nguru. Da ita zan tafi. An ce akwai likitar haƙori a asibitin can. In ka ga dama ka raka mu, in kasuwa ta riƙe ka, sai mun dawo." Ranar kasuwa ce kuwa. Na bar kasuwar na bi ku.

A nan ma ga shawara. Duk inda Allah Ya kai ki, ki kula da mutumin da yake ce miki zo ki taɓa nan. Kuma idan kika ji bakinki yana saurin cewa ba komai, ki tsaya ki tambayi kanki ko sani ne yake magana ko tsoro.

Likitar matashiya ce, 'yar wajen Fika, ba ta da yawan magana. Ta zaunar da ke a wata kujera mai kwanciya, ta haska bakinki, ta ƙwanƙwasa baƙin haƙorin, ta latsa dasashin ta ciki da ta waje. Ta tambayi ko ya taɓa ciwo. Na yi caraf na ce, "Ya yi, amma ya warke da kansa."

Ta ce, "Baba, ba warkewa ya yi ba. Jijiyar da ke kawo ƙara ce ta mutu. Mai ƙara ya yi shiru, amma ɓarnar tana iya ci gaba a ƙasa. Ina so a ɗauki hoto."

Na ce, "Likita, ga haƙorin nan a gabanki. In cirewa ne ki cire mu tafi. Mun ji an ce wutar hoton nan tana ƙona jini, ga ta yarinya mace."

Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce, "Tambayarka daidai ce. Hasken da ake amfani da shi kaɗan ne ƙwarai, kuma ba ma ɗauka haka kawai sai da dalili. Yau akwai dalili. Idan na cire ban ga abin da ke ƙasa ba, kamar na shiga kogi ne ban san zurfinsa ba. Kai mutumin Gashuwa ne, ka san ba a haka."

Uwarki ta ce, "A ɗauka."

Aka fara da ƙaramin hoto, aka sa miki wani ɗan faifai a cikin baki kika cije. Da likita ta duba shi sai ta ce tana son babba, na gefen muƙamuƙin duka, aka kai mu ɗakin da ake ɗaukar hoton ƙirji da na karaya. Aka sa miki wata riga mai nauyi, aka karkatar da kanki, aka ce kada ki motsa. Ni ina waje ina jiran in ji ƙara ko in ga walƙiya. Ban ji komai ba. Kafin in gama addu'ar da na fara sai ga ki kin fito kina gyara ɗankwali, kina tambaya ko an gama ke nan.

Yanzu na zo wajen da ya sa na ɗauki biro, kuma ban san ko zan iya faɗarsa yadda ya kamata ba.

Likita ta maƙala hoton a jikin wani akwati mai fitila a ciki, ta ce in matso. Na matso ina jiran saƙar zuma. Abin da na fara gani ba ita ba ce. Na ga haƙoranki na sama-sama da na sani, ƙanana, a jere. A ƙarƙashinsu kuma, can cikin ƙashi, ga wasu haƙoran. Manya. A zaune. Kowanne a cikin ɗan ɗakinsa, kowanne daidai ƙarƙashin wanda zai gada, wani ya kusa isowa, wani yana can ƙasa bai ko gama yin saiwa ba. A can ƙarshe, wajen kunne, ga wani ɗan zagaye kamar ƙwayar gero a cikin kwasfa.

Na ce, "Likita, waɗannan fa?"

Ta ce, "Haƙoranta ne na girma. Suna jiran lokacinsu."

Na ce, "Tun yaushe suke nan?"

Ta ce, "Wasu tun tana goye aka fara gina su. Wancan ɗan ƙaramin na ƙarshe kuwa, sai ta zama budurwa zai fito, in ya samu wuri."

Uwani, na ce Subhanallah ban san na faɗa da ƙarfi ba. Ga ki tsaye a gefena, kina wasa da bakin zanen uwarki, 'yar yarinya da ba ta iya ɗaura ɗankwali daidai ba, ashe a cikin fuskarki an riga an ajiye haƙoran da za ki ci abinci da su a gidanki, waɗanda za ki yi wa 'ya'yanki dariya da su. An auna, an jera, an rufe, ba wanda ya sani, har ni da na haife ki. Na tuna dubban bakunan da na buɗe a kara ina cewa wannan bai kayar ba tukuna, ban taɓa tunanin cewa a ƙarƙashin yatsana na gaba suna nan a kwance suna jira ba. Ina ganin fitowarsu ina karɓar yabo, alhali aikin an gama shi tuntuni a inda ba na gani. Na sha jin malamai suna wa'azi a kan halittar ɗan Adam, ina gyaɗa kai. Ranar nan ne na ji abin a jikina. Sai kuma wani mamakin ya biyo baya: wane irin ilimi ne Allah Ya ba bayinsa, har suka samo hasken da ke ratsa fata da tsoka ya tsaya a ƙashi, ya dawo da labari, ba wuƙa, ba jini, yarinya ko uffan ba ta ce ba?

Likita ta bar ni na gama kallona. Sannan ta sa bakin biro ta zagaye wani wuri ta ce, "Baba, yanzu dubi nan."

A ƙarƙashin mataccen haƙorin nan, sabon da zai gaje shi ba ya kan layi ɗaya da 'yan'uwansa. An tura shi ƙasa, ya karkace. A kansa kuma ga wani baƙin zagaye, sumul, kamar an ɗora masa ƙwarya. Ta ce wata jaka ce ta ruwa. Ruɓar da ke gindin mataccen haƙorin ce ta sauka ta taɓa rigar da ke lulluɓe da sabon, sai ruwa ya fara taruwa. Jakar tana girma a hankali, tana cin ƙashi, tana danne haƙorin. Ta ce da an bar ta, za ta ci gaba da faɗi, ta ture na kusa da ita, ta mai da ƙashin siriri kamar ɓawon ƙwai.

Na ce, "Irin na mahaifiyata ne." Na ba ta labarin Dada a tsaye, a gaban uwarki, wanda ban taɓa ba wani bare ba.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Allah Ya ji ƙanta. Ban ga hotonta ba, don haka ba zan ce ga abin da ya same ta ba. Amma yadda ka kwatanta, ina zaton nata daban ne, kuma wannan ba gadonsa yarinyar ta yi ba. Za mu aika ɗan abin da muka ciro a duba don mu tabbatar. Abin da zan iya faɗa maka yau shi ne kun zo da wuri. Wa ya lura?"

Na nuna uwarki. Likita ta dube ta ta ce, "Mama, hannunki ya riga idon kowa." Uwarki ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, amma na ga hawaye yana ɗiga a kan hannunta.

Aikin da aka yi miki, da Dada ta samu irinsa da ta yi ta kiran shanunta har tsufa. Allura aka yi miki a dasashi, aka cire mataccen haƙorin, ta ramin nan aka buɗe jakar ruwan ya fita. Ba a taɓa fatar fuskarki ba. Sabon haƙorin ma ba a cire shi ba. Na tambaya me ya sa, likita ta ce, "A ba shi dama. An ɗauke masa abin da ya danne shi, wataƙila ya nemo hanyarsa." Aka bar ramin a buɗe da ɗan ƙyalle mai magani, aka koya wa uwarki yadda za ta riƙa wanke shi. Ranar muka koma gidan suna, kika zauna a cinyar kakarki ta wajen uwa da kumatu a kumbure, ana ta ba ki haƙuri da Barbarci kina amsawa da kai. Sakamakon da aka aika ya dawo daga baya, ya tabbatar da maganar likita.

Daga nan muka shiga zirga-zirga tsakanin Gashuwa da Nguru. Har direbobin tasha suka san mu, da sun hango mu sai su ce, "Masu haƙori sun iso." Ba kowane zuwa ake ɗaukar hoto ba, sai an daɗe, in likita ta ga da bukata. Amma duk ranar da aka ɗauka, sai ta jera shi kusa da na baya a jikin fitila ta kira ni, don ta gane ina so. A nan na ga abin da ya fi na farko ban mamaki. Baƙin zagayen nan yana tsukewa. Daga gefe-gefe wani fari-fari yana shigowa, kamar yadda ciyawa ke rufe bakin tafki idan ruwa ya ja baya. Na ce mene ne wannan, ta ce, "Sabon ƙashi ne. Jikinta ne ke cike ramin." Ba wanda ya zuba komai a wurin. Kina makaranta, kina tallar dariya a tsakar gida, kina faɗa da ƙannenki a kan ƙanzo, ƙashinki kuma yana can yana gini. Haƙorin da ya karkace shi ma ya fara juyowa, yana hawowa kaɗan-kaɗan, kamar wanda aka kira sunansa. Wa ya nuna masa sama? A cikin duhun nan, wa ya faɗa masa inda ƙofa take? Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ki riƙe wannan ma: idan likita ya ce ki dawo, ki koma, ko da kin ji garau. Komawar nan da muke yi ba don kina ciwo ba ne. Don a ga abin da ke gudana a inda ido ba ya kaiwa ne.

A ɗaya daga cikin zuwan nan ne likita ta juyo ta ce, "Baba, kai fa? Kullum kana kallon na wasu." Na ce ni lafiyata ƙalau, asuwaki ba ya barin aljihuna, ƙashin rago ma ina fasawa. Ta ce in zauna dai ta duba. Da ta duba ta ga inda ba ta yarda da shi ba, sai aka ɗauki nawa. Uwani, a tsakanin turamena biyu, inda suka manne da juna, inda asuwaki ba ya shiga, ruɓa ta fara cin su duka biyun. Daga waje farare tas, in ban da jan goro. Ta kankare ta cike su, ga su nan har yau ina tauna kilishi da su. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. A can ƙarshen muƙamuƙina ta nuna mini wani haƙori a kwance a kan gefensa, cikin ƙashi, kamar saniya tana tuƙa a inuwa. Bai taɓa fitowa ba. Ta ce tun ina saurayi yake nan, ba ya ɓarna, a bar shi, sai dai a riƙa leƙa shi lokaci-lokaci. Na fito daga ɗakin ina shafa kumatuna. Na yi aure da shi, na binne iyayena da shi, na yi furfura da shi, ban san da zamansa ba. In mutum bai san abin da ke cikin bakinsa ba, me kuma zai cika baki a kai? Tun daga ranar na rage yanke hukunci da ƙarfi, a kara da a gida. Uwarki ta ce da ta san haka ne da tun amarcinmu ta kai ni aka ɗauka.

Saboda haka ga abin da nake so ki yi a can. Idan kin natsu, ki tambayi inda likitan haƙori na gaskiya yake, ki je ya duba ki tun ba abin da ke damunki, ki ba shi labarin aikin da aka yi miki. Idan ya ce sai an ɗauki hoto, ki tambaye shi dalili, wannan haƙƙinki ne, in ya faɗa miki ki yarda a ɗauka. Wata rana in Allah Ya kai ki gidanki kina da juna biyu, ki faɗa musu kafin komai, su suka san yadda za su yi. Kuma in Allah Ya ba ki 'ya'ya, kada ki raina haƙorin yarinta ki ce ai zai faɗi. Akwai wani a ƙarƙashinsa, abin da ya sami na sama yana iya sauka kansa. Masu cire haƙori a bakin kasuwa kuwa, ko kyauta suka ce, ki wuce.

Saura magana ɗaya. Bayan tafiyarki uwarki ta faɗa mini abin da kika ce mata kuna haɗa kaya: wai in kin je birni za ki sa a cire miki karkataccen haƙorin nan na hagu, don yana ɓata miki hoto. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kike kai hannu baki duk sanda dariya ta kama ki da gaske.

Shi ne fa, Uwani. Shi ne wanda aka danne a ƙarƙashin jakar ruwa. Ya daɗe a hanya, duk 'yan'uwansa suka riga shi, har na fara cire rai. Wata rana da hantsi ina ɗaure wani bijimi a ƙofar gida, kika fito da gudu kika ce, "Baba, wani abu yana soka mini harshe." Na durƙusa na ce buɗe. Ga ɗan farin kansa ya huda dasashi, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na saki igiyar, bijimin ya yi tafiyarsa, sai a bakin gada aka kamo shi. Ni kuwa ina nan durƙushe a ƙasa ina riƙe da haɓarki, maƙwabta suna tambaya lafiya, idona na kan haƙorin. Ya fito a ɗan karkace, gaskiya ne. Daga inda ya taso, da ya fito a miƙe ma ai da abin ya yi yawa.

Bakinki ne, kuma kin girma. In yana damunki, ki je a ɗauki hoto a ga saiwarsa, an ce yanzu akwai waya da ake ɗaurawa ta miƙar da haƙori a hankali, ki tambaya. Amma lafiyayyen haƙori ne, kada ki bari a cire shi don kwalliya. Kuma in dariya ta zo miki a ƙasar mutane, ki sauke hannun nan. A duk abin da na gani da idona a duniya, ba abin da ya nuna mini ikon Allah kamar wannan ɗan karkataccen haƙorin.

Allah Ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga ciwon da ake gani da wanda yake ɓoye. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki gama lafiya ki dawo mana lafiya. Ki riƙe sallarki. Idan kifin ya iso ki shanya shi ya sha iska kafin ki ajiye, an ce ƙasarku da laima.

Wassalam.

Mahaifinki,
Usmanu